Ina zan sami ɗan ƙaramin taragon jirgin Legas zuwa Kano irin na da?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina ya yi aikin reluwe har ya yi ritaya, mu ma a kwatas ɗin reluwe muka tashi. Na daɗe ina ganin Turawa a intanet suna tara 'yan ƙananan jiragen ƙasa masu kama da na gaske sak, har da kujeru da fitilu a ciki. Burina in sami taragon fasinja irin wanda ake shiga da, daga Legas zuwa Kano, in ajiye a falo, in da hali ma ya riƙa tafiya a kan ɗan layinsa. Na bincika shagunan intanet, sai na Ingila da Jamus da Amurka nake gani, ga wasu haruffa HO da OO da N da suka ɗaure mini kai. A ina ake samun namu? In kuma babu, mutum zai iya ƙera shi da hannunsa? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka wa Baba da alheri.

Bari in fara da abin da ba za ka so ji ba. Manyan kamfanonin da ke yin waɗannan samfura, irin su Hornby da Bachmann da Märklin da Roco da Kato, suna yin jiragen ƙasashen da masu sayensu suke ne. Ƙera mazubin roba na tarago guda kuɗi ne mai yawa, sai an tabbatar za a sayar da dubbai kafin a taɓa shi. Don haka kada ka ɓata lokaci da data wajen neman taragon reluwen Nijeriya a cikin kwali. Ƙera shi za ka yi, kuma abu ne mai yiwuwa. Abin da za ka saya daga waje kaɗan ne: ƙafafu, da firam ɗin da ke riƙe su, da layi. Sauran duk aikin reza ne da rula da haƙuri.

Amma kafin ka sayi ko da ƙusa, sai ka fahimci haruffan nan da suka ɗaure maka kai, domin a nan ne yawancin masu farawa ke zubar da kuɗinsu.

Abubuwa biyu ne ake haɗawa a cikin kowane harafi. Na farko sikeli, wato sau nawa aka rage girman jirgin. Na biyu faɗin layi, wato tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogo biyu. HO yana nufin an rage jirgi sau 87, kuma layinsa milimita 16.5 ne. OO na Ingila an rage shi sau 76, amma a kan wannan layin dai na 16.5 yake tafiya. N ƙarami ne, sau 160 a yawancin ƙasashe, sau 148 a Ingila, sau 150 a Japan, layinsa milimita 9. Akwai TT, sau 120, a kan layi mai milimita 12. Akwai S, sau 64. Kusan duk waɗannan an tsara su ne don kwaikwayon dogon Turai da Amurka mai faɗin milimita 1435, irin wanda aka shimfiɗa tsakanin Abuja da Kaduna aka buɗe a 2016.

Tsohon layinmu kuwa ba haka yake ba. Dogon da ya taso daga Baro ya iso Kano a 1911, aka haɗe shi da na Legas a 1912, faɗinsa ƙafa uku da inci shida ne, wato milimita 1067. Haka na Kaura Namoda da na Nguru da na Maiduguri. Wannan bambancin shi ne ke ba tsohon jirginmu kamanninsa: jiki mai faɗi a kan ƙafafu matsattsu, tarago ya zauna ƙasa-ƙasa, gefensa ya zarce layin sosai ta kowane ɓangare. In ka ɗauko taragon Ingila na OO ka shafa masa fenti, wanda bai san jirgi ba zai ce ya yi. Amma Baba yana kallo ɗaya zai ce maka wannan ba nasu ba ne, ko da bai iya faɗin abin da ya bambanta ba.

Lissafin mai sauƙi ne: ka raba 1067 da sikelin da kake so, ka ga wane layin da ake sayarwa ya fi kusa. A sau 87 za ka sami milimita 12.3, wato layin milimita 12 ya yi daidai, kuma kamfanin Peco na Ingila yana yin irinsa mai suna HOm. A sau 120 za ka sami 8.9, layin N ke nan. A sau 64 kuwa za ka sami 16.7, wanda bambancinsa da layin HO na 16.5 ido ba ya gani. Masu wannan sha'awa a New Zealand da wasu jihohin Ostareliya, waɗanda dogonsu faɗinsa ɗaya da namu, sun daɗe suna amfani da wannan haɗin, suna kiransa Sn3½. 'Yan'uwanmu na Gana da Sudan lissafinsu ɗaya da namu. Na Kamaru dogonsu mita ɗaya ne cif, HOm ne nasu.

Ni dai shawarata gare ka ita ce sau 64 a kan layin 16.5. Layin HO da ƙafafunsa su ne suka fi yawa a duniya, sun fi araha, kuma ana samun na gwanjo birjik. Sannan girman ya dace da mai yanka da hannu. A ce taragon da kake so tsawonsa mita 18 ne: a sau 64 zai zama santimita 28, a sau 87 santimita 21 ba kaɗan, a sau 120 kuwa santimita 15 kacal. Tagar da za ka yanka a santimita 28 tana yafe kuskuren rabin milimita. A santimita 15 wannan rabin milimitar shi ne zai karkatar da fuskar taragon gaba ɗaya. Ƙarin garaɓasa, 'yan motocin wasan yara na ƙarfe irin su Hot Wheels da Matchbox yawancinsu kusa da sau 64 suke, ka ga ka sami abin ajiyewa a harabar tasha.

Tunda daga Zariya kake, ga wani abu da zai iya jan hankalinka wata rana. Daga garinku ne ƙaramin dogon nan na Bauchi Light Railway ya tashi zuwa Jos da Bukuru saboda kuza, ya kai can a 1914, aka rufe shi a 1957. Faɗinsa milimita 762 ne. Raba shi da 87 ka sami 8.8, wato layin milimita 9, abin da ake kira HOe. Taragansa gajeru ne, aikinsu bai kai na babban layi ba, kuma akwai ragowar kayan wannan layin a gidan tarihi na Jos.

To, yanzu batun siffar taragon. Ba a ƙera samfuri da ka, domin ƙwaƙwalwa tana riƙe launi da ƙamshi amma ba ta riƙe yawan tagogi. Ka fara tsayar da zamani: taragon katako na farkon ƙarni kake so, ko na ƙarfe na bayan kafa hukumar jiragen ƙasa ta Nijeriya a 1955? Faskila mai ɗakunan kwana, ko na gama-gari mai benci? Wanda Baba ya fi sani shi ya kamata ka bi, don kana da mai gyara maka kuskure a gida. Bayan nan sai neman hoto. Hoton da aka ɗauka daga gefe sak, ba a karkace ba, ya fi guda ashirin da aka ɗauka daga kusurwa. A Ebute Metta ta Legas akwai gidan Jaekel, inda ƙungiyar Legacy 1995 ta tara hotuna da kayan reluwe na da. Francis Jaekel ɗin da aka sa wa gidan sunansa ya rubuta tarihin reluwen Nijeriya mujalladi uku. A zamanin mulkin mallaka ta hannun Crown Agents, hukumar da ke yi wa gwamnatocin mulkin mallakar Ingila sayayya, ake odar kayan jirgi daga masana'antun Ingila, kuma takardun wasu daga cikin masana'antun tarago suna nan a adane: zane-zanen Metropolitan-Cammell na wajen ƙungiyar Historical Model Railway Society, hotunan kamfanin Gloucester kuma na ma'ajiyar tarihi ta Gloucestershire. Rubuta musu wasiƙa ba ya cin komai.

Mafi kyau duka shi ne ka sami tsohon tarago da aka jingine a wata tasha ka auna shi da tef. Ka nemi izinin shugaban tasha tukuna, ka yi masa bayanin abin da ya kawo ka, kada a ɗauke ka mai leƙen ƙarfen da za a kwance. Abin da za ka auna: tsawon jiki, faɗinsa, tsayi daga kan dogo zuwa ƙasan jiki, daga nan zuwa ƙasan taga, faɗin taga da tsayinta, tazarar taga da taga, faɗin ƙafa, da nisan da ke tsakanin tsakiyar firam ɗin ƙafafun gaba da na baya. In kuma hoto kawai gare ka, ka nemi abu ɗaya da ka san girmansa a ciki ka auna sauran da shi. A hoton da aka ɗauka ta goshin tarago, tazarar ƙarafan dogo ita ce rularka, tunda ka san 1067 ce. Wajen launi kuwa, hoto marar kala ba zai taimake ka ba. Ka duba inda fenti ya ɓare a jikin tsohon tarago, za ka ga shafe-shafen da aka yi masa ɗaya bisa ɗaya, sannan ka tambayi tsofaffin ma'aikata wanne ne na zamanin da kake nufi.

Kayan aiki ba su da yawa. Abin da masu wannan sana'a ke yin jiki da shi falle ne na farar roba mai suna sitirin, wanda Slater's da Evergreen ke sayarwa, mai kaurin rabin milimita da milimita ɗaya. In bai samu ba, ka leƙa wajen masu yin allon talla da masu sayar wa ɗaliban zanen gine-gine kaya, za ka sami fallen roba mai laushi da kwali mai tauri. Kwali ma yana yi, in an shafe shi da vanish ciki da waje kafin fenti, don kada damina ta lanƙwasa shi. Hantsaki mai tsini, da ƙananan sukundireba, da siririyar waya, da 'yan fitilun LED kuwa, masu sayar da kayan gyaran waya sun wadatar da mu. Wanda ya taɓa fere karan dawa ya yi mota yana yaro ya riga ya san rabin aikin; abin da aka ƙara a nan shi ne rular ƙarfe da rashin gaggawa.

Gefen tarago shi ne aikin gaske, kuma tagogi su ne ke tona asirin maƙeri. Ka zana gefen gaba ɗaya a kan fallen da fensir mai tsini, amma kada ka yanke shi daga fallen tukuna. Tagogi za ka fara hudawa, yayin da sauran robar ke riƙe da wurin, in ba haka ba siraran ginshiƙan da ke tsakanin tagogi za su karye a hannunka. Kowace taga ka ja reza a gefunanta huɗu, a hankali, sau uku ko huɗu, ba da ƙarfi a karo guda ba, kuma kullum daga kusurwa zuwa tsakiya don kada reza ta zarce. Sai ka ja layi biyu daga kusurwa zuwa kusurwa kamar alamar sau, ka tura tsakiyar da bakin fensir, 'yan gutsattsarin huɗu su faɗo. Ka manna samfefa mai laushi a jikin siririn itace ka daidaita bakin. Layin sama da na ƙasa na dukkan tagogin kuwa, ka ja su ne da rula a shimfiɗe tun daga wannan ƙarshe zuwa wancan ba tare da ka ɗaga ta ba. Ido yana yafe taga mai ɗan faɗi, amma ba ya yafe wadda ta fi 'yar'uwarta tsayi.

Gefen falle uku ake yi: na waje siriri mai ramukan tagogi daidai, na tsakiya mai ramuka da suka ɗan fi faɗi inda gilashi zai zauna, da na ciki. Dalilin uku shi ne, in ka manna falle biyu kawai, gam yana jan ɓangare guda yayin bushewa, bayan 'yan makonni sai ka tarar gefen ya yi baka. Na uku shi ke daidaita jan. A sa 'yan bango na ciki masu raba ɗakuna, su ma suna hana jiki shiga ciki.

Abin da ke nuna taragon ƙasar zafi shi ne marufin taga na katako mai tsaga-tsaga, wanda ake ja ya tare rana iska kuma ta shiga. A sau 64, tsagin da ke da santimita 4 a gaske wajen milimita 0.6 ne kacal, ba wanda zai jera su ɗaya-ɗaya. Ka ɗauki falle ka ja masa layuka kusa da kusa da bayan reza, sannan ka yanka shi girman taga. Kada ka rufe duka daidai wa daida. Wata a buɗe, wata rabi, wata a rufe ruf, yadda fasinjoji ke barinsu. Wannan kaɗai yana sa taragon ya zama na mutane.

Gilashi kuwa, robar nan mai haske da ake kunshe kaya da ita ta isa. Sai dai kada ka kusance ta da sufa gulu, tururinsa yana bin gilashin ya bar farin hazo da ba ya gogewa. Farin gam na kafintoci shi ne daidai, yana bushewa ya zama garau. Kuma sai bayan fenti ake sa gilashi.

Rufi ana fere shi daga katako marar nauyi a goge da samfefa har ya yi doron da ake so, ko a naɗe fallen roba a jikin bututun ƙarfe a ɗaure da tsumma, a zuba masa tafasasshen ruwa, a bar shi ya huce a haka. A yi shi mai ciruwa, don wata rana za ka so ka gyara kujera ko fitila.

Ƙafafu su ne abin da ba na ba kowa shawarar ya ƙera. Ka sayi bogi, wato ƙaramin firam mai ƙafa huɗu da ke juyawa a ƙarƙashin kowane ƙarshen tarago. Na taragon OO na gwanjo ya wadatar. Ƙafa mai milimita 12 a sau 64 tana wakiltar santimita 77, mai 14 kuma kusan 90, sai ka zaɓi wadda ta fi kusa da abin da ka auna. Tazarar bayan ƙafa da bayan 'yar'uwarta ta zama milimita 14.5 ko ƙasa da haka da ɗan kaɗan; in ta kauce, tarago zai riƙa sauka a mararrabar layi. Bogi ɗaya ka ɗaure shi ya juya kawai, ɗayan ka sassauta masa ya ɗan yi rawa, haka zai bi layin da bai kwanta daidai ba. Nauyi ma yana da ƙa'ida. Ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Amurka, NMRA, ta ba da ma'aunin HO: kimanin giram 28, a ƙara giram 14 kan kowane inci na tsawo. Taragonka mai santimita 28 zai nemi wajen giram 180. Ka manna faffaɗan ƙarfe a ƙasan daɓensa, can ƙasa, ba a rufi ba.

In za ka sayi na gwanjo a intanet don ka ciri kayansa, ga tarkuna uku da na fi ganin mutane na faɗawa. Kayan Märklin na HO tsarin wutarsu daban ne, ƙafafun hagu da na dama a haɗe suke ta ƙarfe, in ka ɗora su a layin Hornby ko Peco wuta za ta haɗu komai ya tsaya, sai an sauya ƙafafun. Tsofaffin kayan Tri-ang da Lima kuma leɓen ƙafarsu dogo ne, yana karo da ƙasan siririn layi mai lamba 75, don haka ka sayi mai lamba 100, wanda tsayin ƙarfensa milimita 2.5 ne. Na uku, wasu tsofaffin sassa da aka zuba da gaurayen tutiya suna kumbura su tsattsage da kansu saboda dattin da ya shiga ƙarfen tun a masana'anta. In ka ga tsaga kamar ta busasshiyar laka a hoton firam, ka wuce, ba ya gyaruwa. Kuma ka tambayi kuɗin aikowa kafin ka biya, don sau da yawa ya fi kuɗin kayan, shi ya sa tara oda wuri guda ya fi.

Da na ambaci Lima: wannan kamfanin na Italiya ya taɓa yin jiragen Afirka ta Kudu a HO, kuma dogon can faɗinsa ɗaya da namu. In gajeriyar hanya kake so, abin ajiyewa a kanta kawai, taragonsu ya fi na Ingila kusa da siffar namu, duk da cewa a kan layin 16.5 suka ɗora shi, wanda ya yi masa faɗi a sau 87. Ni dai ina ganinsa maneji ne.

Fenti na gwangwanin feshi irin na mota yana yi, amma ka gwada a kan guntun roba tukuna, wani yana cin ta. Ka fara da toka-toka na share fage, daga nesa, shafi siriri sau biyu ko uku. Mai ƙyalli sosai yana mai da samfuri abin wasan yara. Bayan ya bushe, ka kankare jan alli ko ka tankaɗe jar ƙasa ta yi laushi, ka bi ƙasan jiki da bogi da busasshen buroshi. Jirgin da ya ratso daga Legas ya haye gadar Jebba ya iso Zariya ba ya zuwa fes. Rubutun jiki kuwa, na'urar buga takarda ta gida ba ta buga fari, don haka ka buga launin jikin a kewaye da haruffan a kan farar takarda siririya, ka yanka ka manna.

'Yan mutum-mutumin fasinjoji da ake sayarwa yawancinsu Turawa ne da kayan Turawa. Mutum mai tsayin mita 1.7 a sau 64 milimita 27 ne ba kaɗan. Ka sami masu wannan tsayin, ka jiƙa 'yar takardar tishu da farin gam da aka sirka da ruwa, ka yafa musu, ka gyara naɗin da tsinken sakace. In ta bushe ta zama babbar riga ko mayafi, sai fenti.

Wajen ajiya, manyan abokan gabarka rana da ƙura ne. Robar nan in ta sha ranar taga ko ta kwana a cikin motar da aka rufe a watan Afrilu, lanƙwashewa take yi, ba ta kuma dawowa. Ƙurar hunturu tana shiga bakin gatarin ƙafa ta hana shi juyawa, gara da kyankyasai kuma suna son kwali da gam. Mai yankan gilashi zai haɗa maka akwati mai tsawon santimita 40 da kuɗi kaɗan, ka shimfiɗa guntun layi a ciki. In kuma kana son ya riƙa zagayawa, tarago mai santimita 28 yana bukatar kwana mai faɗi. Kada ka sayi lanƙwasar da ta gaza ta Hornby mai lamba biyu, mai milimita 438 daga tsakiyar da'ira zuwa layi, in ɗakin ya ba da dama ma ka ɗauki wadda ta fi ta. Kan jirgin da zai ja shi kuma wani aiki ne daban, ka gama tarago guda tukuna ka aiko mana da hotonsa, sai mu yi maganarsa.